Wasan Gem Na Taimakon Juna: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

  Abin da zan yi magana a kansa ƙarami ne a ido, gama wasan yara ne. Amma na san cikinku akwai waɗanda aka riga aka kawo wa ƙara a kansa. Uba ya kan zo ya ce ɗansa ya bar makaranta ya tare a gidan gem, a rufe gidan. Mai gidan kuma ya kan zo ya ce da wannan sana'a ya ke ci da iyalinsa, bai kuwa kira ɗan kowa ba. Kowane cikinsu yana da tasa gaskiya, hakimi kuwa dole ya yanke magana. To, ba a raba gardama a kan abin da ba a sani ba. Saboda haka nufina yau in bayyana muku abin da ke cikin waɗannan gidaje, musamman wani irin wasa guda wanda a ganina ya cancanci ku san shi da kyau.

Fagge da Sabon Gari

Na ɗauki Fagge da Sabon Gari su zama misali, domin nan ne baƙon abu ya saba sauka kafin ya shiga birni. Tun zamanin da, Fagge zango ce ta ayarin raƙuma, inda Buzaye ke sauke gishiri da kanwa a bayan ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da wasu ƙasashe. Siliman farko na Kano, watau Rex, a Waje aka buɗe shi a 1937. Lokacin nan ma mutane sun rabu biyu, waɗansu na cewa a hana, waɗansu na cewa a bari. Gwamnati kuwa ta ɗauki wannan hoto mai motsi ta sa shi a mota, ta zagaya da shi ƙauyuka, aka sa masa suna majigi, aka koya wa talakawa tsabta da noma da shi, hakimai na zaune a sahun gaba. Abu ɗaya ne, amma abin da aka nuna a ciki, da wurin da aka nuna shi, da wanda ya sa ido, su suka bambanta shi. Ina roƙo ku riƙe wannan a zuci, gama maganar gem ma haka ta ke.

Mene ne gem?

Gem na'ura ce da a ke haɗawa da talabijin, ko kuwa a yi shi a kwamfuta ko a wayar hannu. Bambancinsa da silima shi ne, mai kallon silima ba shi da ikon kome, sai abin da aka nuna masa. Mai gem kuwa yana riƙe da wani abu mai maɓallai, wanda yara ke kira hannu, da shi ya ke juya mutumin da ke cikin hoton, ya sa shi tafiya, ko tsalle, ko ɗaukar kaya. Mafi yawan na'urorin da suka shigo mana daga Japan su ke. Kamfanin Nintendo ya fito da tasa a 1983, Sega ya fito da Mega Drive a 1988, Sony kuma ya fito da PlayStation a 1994, wadda 'ya'yanta da jikokinta ne suka cika gidajen gem na Kano yau.

Wasannin da a ke sawa a ciki iri iri ne. Akwai na ƙwallon ƙafa, shi ya fi yawa a wurinmu. Akwai na tseren mota, akwai na dambe da harbi. Duk waɗannan na gasa ne, sai ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi. Sa'an nan akwai wani iri dabam, wanda a ke ginawa a kan zanen katun, irin hotunan nan na dabbobi masu magana da yara ke kallo a talabijin. A cikinsa yara biyu, ko uku, ko huɗu, ba faɗa su ke da juna ba. Tafiya ɗaya suka kama, a kan hanya kuwa an gindaya musu matsaloli na wasa ƙwaƙwalwa, waɗanda mutum ɗaya ba ya iya warwarewa ko da ya fi kowa gwaninta. Shi na ke kira gem na taimakon juna.

Yadda a ke gina shi

Masu ƙera irin wannan wasa suna bin ƙa'idodi uku.

Ta fari, su kan raba baiwa. Abin da aka ba wannan an hana wancan. Akwai wani wasa mai suna Fireboy and Watergirl, watau Yaron Wuta da Yarinyar Ruwa, wanda ya fito a 2009, a kan yi shi a kwamfuta ɗaya, yara biyu su raba maɓallan tsakaninsu. Yaron wuta yana ratsa wuta lafiya, amma in ya taka ruwa ya mutu. Yarinyar ruwa tana ratsa ruwa, amma wuta ajalinta ce. Akwai kuma wani koren taɓo wanda ke halaka su duka biyu.

Ta biyu, su kan sa ƙofa mai makulli biyu. Sai ɗaya ya tsaya a kan wani maɓalli ƙofa ta buɗe, ɗan'uwansa ya wuce, shi kuma ya nemi sandar da zai ja daga can ciki domin na baya ya samu hanya. Wanda ya wuce ya manta da abokinsa bai ci kome ba, gama ba a buɗe mataki na gaba sai dukansu sun isa.

Ta uku, su kan haɗa musu riba da hasara. A wasan nan na wuta da ruwa, in ɗaya ya faɗi, duka biyu a ke mayarwa farko. Saboda haka gwani ba ya samun amfanin yi wa mai rauni dariya, sai dai ya koya masa.

Wannan dabara ta daɗe. A 1992 Sega ya fito da World of Illusion, wanda aka gina a kan Mickey, ɓeran nan na kamfanin Disney, da abokinsa Donald, agwagwa. In sun zo ƙaramar kafa, Mickey ya kan rarrafa ya wuce, amma Donald ya kan maƙale saboda ƙibarsa, sai Mickey ya juyo ya jawo shi. In sun zo gangare mai tsawo, ɗaya ya taka kafaɗar ɗaya ya hau, sa'an nan ya zuro igiya. A 2017 aka fito da Snipperclips a na'urar Nintendo Switch, inda 'yan wasan kamar takarda su ke, kowane yana yanka gefen ɗan'uwansa har ya zama siffar da a ke bukata, ko ƙugiya, ko cokali, ko tsinke. Sai ka yarda an rage ka kafin aiki ya yiwu. A 2023 wani kamfani na Ingila mai suna Dlala ya ƙera Disney Illusion Island, wanda yara huɗu ke iya yi tare. Babu duka ko harbi a cikinsa, sai tsalle da kauce wa haɗari da neman hanya, in kuwa ƙarfin ɗaya ya ragu, ɗan'uwansa ya kan rungume shi ya ƙara masa.

Ranku ya daɗe, in kun duba za ku ga wannan ba baƙon tunani ba ne gare mu. Wanda ya yi langa yana yaro ya san ba don kansa ya ke tsalle da ƙafa ɗaya ba, aikinsa shi ne ya tare abokan gaba har wanda aka naɗa ruwa ya kai gida. Wanda ya je gayya ya san ba a tashi sai an gama kunyar ƙarshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka iyayenmu suka ce. Abin da masu ƙera wasan nan suka yi shi ne, sun gina jinkar a cikin talabijin.

Abin da na gani da idona

Kafin in zo gabanku na shiga wani gidan gem a Fagge, ranar Asabar da la'asar. Shago ne guda, da benci uku, da talabijin biyu, da wata tsohuwar kwamfuta a lungu, janareta na ƙara a bakin ƙofa. A gaban kwamfutar na tarar da yara biyu, ba su wuce shekara goma ba. Ɗaya ɗan unguwar ne, ɗayan kuwa daga Sabon Gari ya ƙetaro, iyayensa mutanen Kudu ne, Hausarsa da 'yar gargada. Wasan wuta da ruwa su ke yi. Sau huɗu suna faɗuwa a wuri ɗaya, domin ɗan Fagge yana da gaggawa, ba ya tsayawa a kan maɓalli har abokinsa ya wuce. A na biyar sai ɗan Sabon Gari ya ɗauke hannunsa ya ce, "Kai, in ba ka jira ni ba, kai ma ba za ka je ko'ina ba." Ɗan Fagge ya yi tsaki, amma ya jira. Suka wuce, suka tafa.

A benci na gaba kuwa samari ne ke buga ƙwallo, na kuma lura an danne kuɗi a ƙarƙashin wata waya, wanda ya ci ya kwashe. A talabijin na biyu wani wasa ne na satar mota da harbin mutane, ga wani ɗan ƙaramin yaro tsaye a baya ya saki baki yana kallo. Na tambayi mai shagon ko ya san shekarun da aka ƙayyade wa wannan wasa. Ya ce, "Yallaɓai, ni dai haka aka loda mini shi, ban san ana ƙayyadewa ba." Na kuwa gaskata shi.

Kun ga ke nan, a ɗaki ɗaya akwai abin da ya kamata a ƙarfafa, akwai abin da ya kamata a hana, akwai kuma jahilci wanda bayani kaɗai zai kawar. Wanda ya rufe ɗakin ya zubar da duka uku tare, yaran kuma su koma wani lungu inda ba mai ganinsu. Wanda ya kau da kai ya bar duka uku tare. Har wa yau akwai abin da ya tsaya mini a rai game da yaran nan biyu. Dattawa cikinku sun ji labarin tarzomar watan Mayu na 1953, da waɗanda suka biyo bayanta, sun san abin da iyakar Fagge da Sabon Gari ta gani. Ban ce wasan yara zai hana fitina ba. Amma wuraren da ɗan wannan unguwa da ɗan waccan ke zama a benci ɗaya, kowane yana bukatar ɗan'uwansa, ba su da yawa, bai kamata mu rage su da garaje ba.

Amfaninsa da iyakarsa

Kada in yi muku ƙari. Wasan nan ba ya maye gurbin makaranta, ko ta allo ko ta boko, ba ya kuwa maye gurbin guje-guje a dandali, wanda jikin yaro ke bukata. Abin da ya ke koyarwa kaɗan ne, amma mai kyau ne: yaro ya faɗi abin da ya ke nufi a fili domin abokinsa ya gane, ya jira lokacinsa, ya tsaya ya yi tunani kafin ya yi tsalle, in an faɗi a sake gwadawa ba tare da zagi ba. Wa da ƙane suna iya yinsa tare, haka ya da ƙanwa a cikin gida, har uba ma in ya ga dama.

Inda haɗari ya ke

Haɗari na fari shi ne yawan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba kada a ajiye shi gaban talabijin ko waya sam, yaro mai shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce sa'a ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. A wannan shekara kuma hukumar ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, jerin ya fara aiki a 2022. Amma ku lura da sharaɗin da ta gindaya: sai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba da yi ko da ya ga yana cutuwa, abin kuma ya ɗauki kamar wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne cikin masu wasan ke kaiwa ga haka. Saboda haka yaron da ya yi sa'a guda ranar Asabar ba majinyaci ba ne. Wanda ya bar aji, ya bar barci, ya fara ɗaukar kuɗin cefane, shi ne abin dubawa.

Na biyu shi ne caca. Da zarar an ajiye kuɗi a kan wanda zai ci, wasa ya ƙare, an shiga wani abu dabam, daga nan a ke samun bashi da faɗa da sata. Wani abin lura shi ne, gem na taimakon juna ba ya karɓar caca da sauƙi, tun da ya ke babu wanda ya ci wani.

Na uku shi ne wasan da bai dace da shekarun yaro ba. A nan akwai alama wadda kowane malami zai iya karantawa. Ƙasashen Turai suna da tsari mai suna PEGI tun 2003, suna buga lamba a jikin kwalin wasa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Lamba 3 da 7 kore ne, 12 da 16 ruwan goro, 18 ja. Amurka kuwa tana da nata tun 1994, da haruffa: E na kowa da kowa, T daga shekara 13, M daga shekara 17. Lambar ba wuyar wasan ta ke nunawa ba, abin da ke ciki ta ke nunawa. Wasan nan na satar mota, Grand Theft Auto, lambarsa 18 ce. Kada kuma zanen katun ya ruɗe ku. Akwai It Takes Two, na taimakon juna, wanda wani kamfani na Suwidin ya ƙera a 2021, ya kuma ci kyautar gwarzon wasan shekara. Kyakkyawan aiki ne, amma labarinsa na miji da mata ne da ke shirin rabuwa, lambarsa 12, bai dace da ɗan shekara bakwai ba.

Na huɗu shi ne ginin kansa. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a siliman El Duniya a nan Kano, mutum fiye da 300 suka rasu. Ɗaki mai ƙofa ɗaya, da wayoyin lantarki a warwatse, da jarkar fetur kusa da janareta, da yara ashirin a ciki, ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya san wannan tarihi.

Shawara

Abin da zan faɗa yanzu shawara ce, ba doka ba. Zartar da doka yana hannun hukumomin da aka ɗora wa, irin su Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ƙananan hukumomi. Amma sanin unguwa da jan hankalin jama'a naku ne, ba wanda ya kai ku.

1. Kowane mai unguwa ya san gidajen gem da ke ƙasarsa. Malamin hakimi ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta inda gidan ya ke, da mai shi, da sunayen wasannin da ke ciki. Mafi yawa ba su da kwali, gama lodawa a ke yi, amma in an rubuta sunan wasa a intanet ta wayar hannu, lambar shekarunsa za ta fito.

2. A kira masu gidajen a zauna da su cikin mutunci, a yi yarjejeniya: ba yaro a lokacin makaranta, ta safe ko ta yamma, ƙanana kuma su tashi kafin magariba.

3. A raba lokaci ko a raba wuri. Sa'ad da ƙanana ke ciki, kada a kunna wasa mai lamba 16 ko 18, ko da babba ne ke yi, gama mai kallo ma yana ɗauka.

4. A roƙi kowane mai gida ya ajiye wasa ɗaya ko biyu na taimakon juna domin ƙanana. Ba zai yi hasara ba, tun da ya ke yara biyu ne ke zama a na'ura ɗaya.

5. Ba ajiye kuɗi a kan wasa. Wanda aka gargaɗa bai ji ba, a kai maganarsa gaba.

6. Ƙofa ta kasance a buɗe, janareta da fetur a waje, nesa da bakin ƙofa.

7. In uba ya kawo ƙara, a tambaye shi abu uku kafin a yanke: wane wasa ɗansa ke yi, sa'a nawa, da kuɗin wa. Sau da yawa za ku tarar bai sani ba. A ba shi shawara ya je ya zauna kusa da ɗan rabin sa'a ya gani.

Abin da ya rage mana

Duk wasannin da na ambata daga waje aka kawo su, da harshen waje, da dabbobin tatsuniyar waɗansu. Amma 'yan Nijeriya sun fara sa hannu. A 2024 Disney ya fito da wani katun mai suna Iwájú tare da kamfanin Kugali, labarin yana faruwa a Ikko ta zamani mai zuwa, kamfanin Maliyo na Ikko kuma ya ƙera masa wasan waya na dafa abincin ƙasar nan. Wancan na mutum ɗaya ne, amma ya nuna aikin ba ya fi ƙarfinmu. Muna da Gizo mai wayo da gaggawa, muna da Ƙoƙi mai haƙuri, muna da kura da dila da Ɓotorami. Wanda ya san ƙa'idodi ukun nan da na bayyana zai ga kayan aiki a shirye su ke. Cikin yaran da ke zaune a bencin Fagge da Sabon Gari yau, mai yiwuwa ne akwai wanda zai yi shi, in an kiyaye karatunsa, ba a kuwa kore shi daga na'urar da sanda ba.

Ranku ya daɗe, iyakar abin da na zo da shi ke nan. Roƙona guda ne: kafin wata ya ƙare, kowane hakimi ya aiki malaminsa, ko shi da kansa in hali ya yi, ya shiga gidan gem ɗaya a ƙasarsa, ya zauna, ya duba abin da ke cikin talabijin, ya tambayi sunansa, ya rubuta. In akwai tambaya, ga ni. Inda na yi kuskure a gaban manya, a gafarce ni. Allah ya ja zamaninku, ya shirya mana zuriya.